Harsashin Husaini

Faruk, Nana, wannan babin naku ne, kuma Faruk ya fi shiga ciki. Ranar Sallar da ta wuce, Mustafa ɗan marigayi Iliya ya taso tun daga Funtuwa ya zo gaishe ni, kai Faruk ka bar shi tsaye a zaure, ka ce masa ina barci. Ba barci nake yi ba. Ina zaune a falo ina jin muryoyinku. Na ji lokacin da ya ce a gaya wa Baffa ya zo, na ji ƙarar takalminsa yana fita, ban motsa ba. Kai ba ka da laifi, abin da na zuba maka a kunne ka aikata. Ni na gaya muku cewa Iliya ne ya kai ni ƙara wurin 'yan sanda a Kuala Lumpur, ya nemi a ɗaure ni a ƙasar mutane. Na faɗa muku a waya, na faɗa a falon nan, na faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni ya yi kuskuren tambayata yadda Malesiya take. Ba haka aka yi ba. Ku zauna ku karanta yadda aka yi, kuma kada wanda ya tsallake layi.

Kakanku Malam Tanko maharbi ne, kun san wannan. Abin da ba ku riska ba shi ne al'adarsa ta ranar suna. Yana da bindiga mai baki biyu, kuma duk ranar da aka raɗa wa ɗansa suna, liman na shafa fatiha sai ya zagaya bayan gida ya ɗaga ta sama ya saki harbi ɗaya, don mutanen da ke gona su san an samu ƙaruwa a gidan Tanko. Daga nan ya zaro kwanson harsashin, ya kai wa liman ya rubuta sunan jaririn da ajami a jikinsa, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin shayi. Harsasan lokacin jikinsu na jan kwali ne, gindinsu na tagulla, suna ɗaukar rubutu sosai. Mu tara ya haifa. Ni da Husaini tagwaye ne, kuma da yake sunan tagwaye ba ya buƙatar shawara, tun ranar haihuwa Baba ya ware harsashi biyu ya sa aka rubuta. Husaini ya koma yana da kwana biyar. Ranar suna Baba ya ɗura biyun duka, ya harba ɗaya, sai ya tsaya. Inna ta ce ya daɗe riƙe da bindigar a sama, har mutane suka fara kallon juna, sannan ya sauke ta ya zaro na biyun ya sa a aljihu. Tun daga ranar gwangwanin nan yake ɗauke da kwanso fanko da kuma harsashi ɗaya cike, yadda aka saye shi.

Baba ya rasu ina shekara ta biyu a Malesiya. Na tafi neman digiri na uku ne da furfurata, bayan yaran da na koyar sun fara dawowa suna zama shugabannina a kwaleji. Na bar ku wurin gwaggonku Gambo, na tafi da mahaifiyarku Binta, muka kama ɗaki biyu da falo a hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur. Ban samu jana'izar Baba ba. Bayan wata uku wani Bakano mai kawo wa ɗalibai kuka da kuɓewa ya kira ni ya ce in zo in karɓi saƙon Inna. Binta ta kwance ƙullin daddawa, sai ga gwangwanin shayi a tsakiya, an naɗe shi da tsohon zane. Inna ba ta san akwai wata doka a duniya da ta hana ɗa ya gaji gwangwanin ubansa ba. Yadda ya ratso tashoshi ya iso, Allah kaɗai ya sani. Na buɗe, na karanta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar. Na tura shi ƙasan akwatin tufafi, ya yi kusan shekara a can.

Iliya yana hawa ɗaya da mu, ƙofa uku tsakani. Injiniya ne, na girme shi da shekara goma sha biyu, iyalinsa suna Funtuwa. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, ni kuwa kun san ni, idan na shiga mota sai direba ya san sunan ƙauyenmu kafin mu sauka. Ban san abin da ya haɗa jininmu ba, amma a gidanmu yake cin abincin rana, shi yake gyara mana famfo da fanka, shi yake karanta mana takardun masu gida saboda ya iya Malayanci, ni kuwa shekara uku ban wuce "boleh" da "terima kasih" ba, wato "zai yiwu" da "na gode". Yaya Hassan yake ce mini. Binta kuma Maman Faruk.

Da korona ta zo aka kulle gari, sai na zama kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Jami'a a rufe, masallaci a rufe, shagon Indiyawa Musulmi, da ake kira mamak, da muke shan shayi a ƙasan bene sai dai a yi tapau, wato a ƙulle maka a leda ka wuce. Duk wata ganawa da malamin da ke duba aikina ta koma ta waya mai hoto. Sai na lura kowa yana da abin nunawa a bayansa, wannan kantar littattafai, wancan hoton Ka'aba, ni kuwa farin bango da tabon ruwa. A nan tunanin ya zo mini. Na fito da gwangwanin, na kira Iliya, na ce ina son ya haɗa mini akwati mai fuskar gilashi, irin wanda ake ratayewa a bango, in jera su a ciki. Ya zauna a ƙasa yana ɗaukar su ɗaya ɗaya yana juyawa. Da ya zo kan na Husaini sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu, ya duba gindin, ya dube ni.

"Yaya Hassan, wannan ai da ransa."

"Na sani. Na ɗan'uwana ne."

Na ba shi labarin tagwayen. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Allah ya jiƙan su. Amma wallahi nan ba gida ba ne. A ƙasar nan harsashi ɗaya ba tare da lasin ba, kurkuku ne na shekaru, ba ruwansu da labarinsa. Ga biza, ga karatun da ka kusa gamawa. Ka bari in san yadda za a yi da shi."

"Ka san yadda za a yi da Husaini?"

Ya mayar da shi cikin gwangwanin. Ya haɗa mini akwatin da katakon wata tsohuwar kanta da gilashin da ya samo wurin wani mai yin firam a unguwar Sentul bayan an ɗan sassauta doka. Ya shimfiɗa baƙin yadi a ciki, ya yi wa kowane kwanso gurbinsa a tsaye, rubutun ajamin yana kallon waje. A sama ya sa wani siririn katako da ya rufe bakunansu duka, yadda mai kallo ba zai gane wanne ne a buɗe wanne ne a rufe ba. Na ce masa wannan katakon ya rage kyau. Ya ce in bar shi haka dai. Na rataye shi daidai bayan kujerata, kuma na yarda aikin ya yi kyau ƙwarai.

Yanzu ga ɓangaren da ban taɓa gaya muku ba. Ranar ƙaramar Salla ta shekarar, ba a je idi ba, mun yi sallarmu a falo mu uku da Iliya. Na sa babbar riga, Binta ta yi kwalliya, na ce Iliya ya ɗauke mu hoto mu aika muku. Ya ce mu tsaya jikin taga, hasken ya fi. Na ce a'a, jikin akwatin nake so. Ya ɗauka da wayarsa ya turo mini. Na aika muku, na aika wa Gambo, na aika wa mutanen kwaleji. Sannan, da yake daɗi ya kwashe ni, na tura shi cikin zauren waya na mazauna benenmu, inda ake sanar da ɗaukewar ruwa da lalacewar lif, tare da gaisuwar Salla da Malayancin da na kwafo. Mutanen da ke zauren nan sun fi na ƙauyenmu yawa, kuma ban san fuskar ko goma daga cikinsu ba. Lokaci ne da kowa yake kallon baƙo da gefen ido, ana ta kewaye wasu benaye da waya mai ƙaya ana bin ɗaki ɗaki. A irin wannan lokacin baƙar fata ya tura hotonsa yana murmushi, da harsasai tara a jere a bayan kansa.

Washegari da hantsi Iliya ya buga ƙofa. Ko zama bai yi ba.

"Yaya Hassan, ka ga abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hotonka?"

"Barka da Salla suke mayar mini."

"Biyu ne suka yi barka da Salla. Sauran tambaya suke yi ko peluru ne a bango. Peluru harsashi ke nan. Ka goge hoton, ka sauke akwatin nan yau."

"Kai dai ka cika tsoro, Iliya. Kayan gadona ne, a ɗakina, a bangon da nake biya."

"Wallahi idan ba ka sauke shi ba, wani zai zo ya sauke maka."

Binta tana bakin kicin tana jin mu. Na ce masa to ya je ya kira wanda zai sauke ɗin. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya fita. Hoton kuwa ban goge ba, don kada ya zama na bi maganarsa.

Kwana huɗu bayan nan, da misalin ƙarfe goma na safe, aka buga ƙofa bugun da ba na maƙwabci ba. 'Yan sanda uku ne da takunkumi a fuska, da mai gadin bene a bayansu yana kallon ƙasa. Babbansu ya yi sallama cikin ladabi, ya kira sunana daidai, ya shigo ya wuce kai tsaye wurin bangon kamar ya taɓa zuwa. Suka ɗauki hotonsa, suka sauke shi suka sa a leda. Aka karɓi fasfo ɗina, aka ce in biyo su. Da muka fito na ga ƙofar Iliya a buɗe kaɗan, yana tsaye a ciki. Idonmu ya haɗu. A raina na ce shi ke nan, ga mai saukewar ya zo.

A ofishinsu na yini a kan benci. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na san abin da ke gurbi na huɗu a akwatin nan, na san da sun zare katakon sama magana ta ƙare. Na tuna ku, na tuna babi biyar da na rubuta, na tuna Inna da za a je a gaya wa ɗanta yana kurkuku saboda gwangwanin da ta aiko. Da aka shigar da ni, jami'in ya juyo mini da takarda, sai ga hoton Salla, ni da Binta muna murmushi. Ya ce wani ne ya kawo rahoto, ba zai faɗi ko wane ne ba. Ni kuwa abu ɗaya na gani a hoton nan, wato hannun da ya ɗauke shi. Cewa ni na watsa shi ga ɗaruruwan mutane, wannan na ture shi gefe tun a kan bencin, kuma ban sake waiwayarsa ba. Na ba su labarin Baba da ranar suna, na yi shiru a kan Husaini. Suka ce za a kai kayan a bincika, in koma gida in jira, kada in bar gari, kamar akwai inda zan iya zuwa.

Kwana tara na yi ina jira. Ba na cin abinci, ba na buɗe littafi. Duk ƙarar lif sai in tashi in leƙa ƙofa. Binta kuwa hankalinta kwance, har tana ce mini in ci tuwo, in sha Allahu babu abin da zai faru. Natsuwarta ta fara ba ni haushi, har na fara tunanin ko ita ma ta gaji da akwatin ne. Rana ta tara aka kira ni. Jami'in ya miƙo mini fasfo, ya ce an duba, duka taran fanko ne, babu albarushi babu dalma. Ba za a kai ni kotu ba, amma kwanson sun zama na hukuma, kuma in na sake rataye irin wannan a bango zai zo da kansa. Ya turo mini akwatin babu komai a ciki. Na sa hannu a takarda.

Duka taran fanko! A motar haya na dinga juya maganar. Na ce ko ba su duba da kyau ba. Na ce ko shekara hamsin sun cinye abin da ke ciki, alhali da hannuna na ji nauyinsa wata biyu da suka wuce. Kafin mu iso Setapak na zaɓi bayanin da ya fi yi mini daɗi, cewa addu'ar Inna ce, Allah ya rufe idon masu bincike. Labarin ya yi kyau haka: ga bawan Allah da aka tsare, ga kuma maci amana. Ban kwana ba sai da rabin 'yan Najeriyar Setapak suka ji shi.

Iliya ya zo yi mini barka da yamma. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Wanda ka aiko ya sauke. Hankalinka ya kwanta?"

"Yaya Hassan, ni kake zargi?"

"Wa ya ɗauki hoton? Wa ya ce wani zai zo? Ka rantse ba ka da hannu a abin da ya samu akwatin nan."

Ya dubi bayana inda Binta take tsaye. Sannan ya ce:

"Ban kai ka ƙara ba."

"Ba ita na tambaye ka ba. Ka rantse ba ka da hannu."

Bai rantse ba. Ya sunkuyar da kai ya juya, ni kuwa na ce wa Binta ta gani da idonta.

Shekara guda da wata biyu muka yi a hawa ɗaya ba ma ga maciji. Idan na tarar da shi a bakin lif sai in koma ɗaki kamar na manta wani abu. Na hana Binta gaishe shi. Na sa aka daina kiransa karatun da muke yi ta waya ranar Lahadi, kuma da yake ni babba ne, mutane suka bi ni. Zargi kuwa idan ya samu wuri ba ya zama a inda aka ajiye shi. Na fara zargin mai gadi yana kai masa labarina. Da malamina ya jinkirta mayar mini da babi na ƙarshe, na ce Iliya ya rubuta masa wani abu. Na lura tuwo yana ƙarewa da wuri a gidanmu, sai na koma leƙa tukunya ina ƙirga yankan nama, ni da furfurata da digiri biyu. Wata rana na ga leda a rataye a hannun ƙofarsa, da kwanon da na sani. Na ɗauko na dire a gaban mahaifiyarku, na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Ta bar ni na gama, ta ce:

"Malam, mutumin nan ba shi da kowa a garin nan."

"Ya je 'yan sanda su dafa masa."

Ta dube ni wani irin kallo, ta ɗauki kwanon ta shiga kicin. A lokacin na ɗauka kallon mai laifi ne.

Cutar ta dawo da ƙarfi a tsakiyar shekararta ta biyu, aka sake kulle mu. Na riga na kare aikina ta waya, ina gyare-gyaren ƙarshe. Sai muka fara jin tari daga ƙofa ta uku, tari mai zurfi da ba ya tsayawa. Kwana uku ana haka. Ranar Talata da azahar masu fararen kaya suka zo da keken marasa lafiya. Ina tsaye a bayan ƙofata, idona a ramin leƙe. Na ga an fito da shi, ya ƙara ramewa, da robar iska a hanci. Da suka zo daidai ƙofarmu ya juyo da kai ya dube ta. Hannuna yana kan makulli. Ban murɗa ba.

Washegari saƙonsa ya shigo wayata daga asibiti. Har yau yana nan, ban goge ba. Ya rubuta: "Yaya Hassan, jikin ya yi nauyi. Idan na ɓata maka, ka yafe mini don Allah." Na karanta sau biyu, na kai wa Binta ina murna kamar wanda ya ci shari'a.

"Kin gani? Ya amsa laifinsa."

"Malam, ka amsa masa."

"Zan amsa idan ya fito ya faɗa a gaban mutane."

"Don girman Allah ka amsa masa yanzu."

Hawaye take yi. Na ce mata tausayin ya yi yawa, na kife wayar a tebur.

Ranar Asabar da safe shugaban ɗalibai ya kira ya ce Iliya ya cika. Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa, muryata a bushe. Binta tana yankan albasa. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a ƙasa a gabana, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce:

"Yanzu babu ɗan sandan da zai kama shi, don haka rantsuwata ta sauka. Ka tuna ranar da ka je kasuwa bayan Salla, ka daɗe a layin gwada zafin jiki? Kana fita ya zo. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce in miƙo masa akwatin. Ya tafi da shi ɗakinsa, bai kai awa ɗaya ba ya dawo da shi na mayar a bango. Ya buɗe na Husaini ya zazzage abin da ke ciki, ya kashe shi gaba ɗaya, ya mayar gurbinsa. Dalmar da albarushin ya zuba a aljihu, ya taka da ƙafa har tafkin Titiwangsa, ya wuce shingen 'yan sanda biyu da su a jikinsa, ya watsa a ruwa. Da an lalube shi ranar, shi ne a kurkuku."

Na ce me ya hana ta gaya mini. Na faɗa da ƙarfi, don har a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa.

"Shi ne ya rantsar da ni. Ya ce, Maman Faruk, kin san bakin Yaya. Idan ya ji, ko don ya yabe ni ko don ya zage ni, sai kowa ya ji, daga nan mu uku za a kwasa. Ki bari sai mun koma gida. Na ce masa kana ɓata masa suna. Ya ce suna yana gyaruwa, a bar shi ya gama karatunsa."

Na ɗauko wayar na buɗe saƙonsa. A ƙasansa akwai alamar da ke nuna masa cewa na karanta. Kwana uku yana kwance yana ganin alamar nan.

Ba a bar kowa ya je jana'iza ba sai mutum biyu. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe waya daga nesa, muka kalli masu fararen kaya suna sa shi a ƙasar da ba tasa ba. Ina zaune a kujerata, akwatin da ya haɗa mini yana jingine a bango, gurbi tara babu komai. Wanda ya kai rahoton kuwa har yau ban san shi ba, kuma na daina nema. Kowane ne shi, hoton da na tura masa da hannuna ya gani, ya ji tsoro.

Za ku ce to me ya sa ban gyara ba tun lokacin. Na yi niyya. Na ce sai mun dawo gida. Da muka dawo aka taru ana yi mini murna, ana kirana Dakta, wani ya ce in ba da labarin harsashin nan da Allah ya ɓoye, sai na ji bakina ya yi nauyi, na ce a bar tuna baya. Na daina ba da labarin, amma ban janye shi ba, na bar shi yana yawo da ƙafarsa. Ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana ba, wannan kaɗai na iya riƙewa, saboda ita ce mai zubar mini da girma. Mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya dai, ranar da Mustafa ya juya daga zaure, ta shigo falo ta tsaya a kaina ta ce:

"Sau biyu ke nan, Malam, hannunka yana kan makulli."

Akwatin nan da kuke gani a saman kantar littattafai, wanda Nana take cewa in jefar ko in sa hotuna a ciki, shi ne. Kada a sa masa komai. Faruk, na sa an buga wannan babin kwafi uku. Ɗaya naka, ɗaya na Nana. Na ukun za ka kai ni Funtuwa ranar Juma'a mai zuwa in karanta shi da bakina a gaban Mustafa da mahaifiyarsa da duk wanda suka ga dama su kira. Idan mun isa, kai za ka yi sallama, ka faɗi sunanka da nawa. In sun ce suna barci, za mu tsaya a zaure har su tashi.